Awon Da Ya Ɓace a Shagon Hajiya Khadijatu

Sallama gare ku, musamman ku da kuka cika mini waya da tambayar ko an sa rana. Ba a sa ba. Saura kaɗan ma a fasa zuwa tambayar auren gaba ɗaya, a kan inci uku na atamfa. Ku gyara zama.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Na'imatu, shekarata ashirin da bakwai, a unguwar Lamorde ta Mubi nake tare da babana da ƙanwarsa Goggo Habibat, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mamana. Na karanci ilimin kwamfuta, aikina rubuta manhaja. Goggo ba ta ɗauki wannan aiki ba, a wurinta wani salon zaman gida ne da ake yi a kan kujera. Duk wadda ta zo kawo katin biki sai Goggo ta nuna ƙofar ɗakina da haɓa, ta ce ga tata amaryar can tana hira da angonta mai cin wutar lantarki. Babana kuwa tun da ya dawo daga binne mamana ya daina mamakin komai. Yana zaune a ƙarƙashin darbejiya da littafinsa, in aka matsa masa sai ya ce shi ya yi auren so, ya ga inda ya ƙare, don haka kada a nemi shawararsa.

Muktar ne wanda zan aura, in Allah ya yarda. Malamin dabbobi ne, yana duba shanu a tike. Mutum ne da zai kama bijimi mai ƙaho kamu biyu ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙoransa, amma in mahaifiyarsa ta yi gyaran murya a tsakar gida sai ya tuna yana da aiki a Maiha. An tsayar da cewa ranar Asabar kawunnansa za su zo gidanmu da goron tambaya. Goggo ta sa an wanke labule, ta ari kafet, ta gaya wa duk wanda ke da kunne a unguwa.

Mahaifiyar tasa ita ce Hajiya Khadijatu, tela. In kina Mubi kuma kin taɓa zuwa biki kika ga rigar da ta zauna a jikin mace kamar a jikin aka haife ta, to daga hannunta ta fito. Shagonta manne yake da gidanta, akwai ƙofar ciki da ta haɗa su. Keken ɗinki tara, teburin yanka ɗaya, da tarin littattafan awo da suka kai shekara talatin, wasu gara ta ci, wasu ruwan damina ya jiƙa har tawada ta narke. Wata biyu da suka wuce, ni da nake son a ce surukar Hajiya tana da amfani, na rubuta mata manhajar ajiye awo. A rubuta sunan mace, sai ga kafaɗarta da ƙirjinta da ƙugunta da tsawon hannu, a fitar a takarda a kai teburin yanka. Muktar ya samo tsohuwar kwamfutar tebur, aka jona ta da solar shagon. Ranar da na kai, Hajiya ta dube ta daga nesa kamar an kawo mata jikan da ba ta yarda da ubansa ba. Ta ce ita ba ruwanta da akwati, tef ɗinta da allinta sun ishe ta, a ba Lidiya.

Lidiya ce mai yanka. Shekara goma sha shida tana riƙe da almakashin shagon, 'yar Gella ce, mawaƙiyar coci, ba ta da yawan magana. Cikin kwana biyu ta iya manhajar, cikin wata guda ta kwashe rabin littattafan ta zuba a ciki.

Ranar Litinin ina tsakiyar tuƙa tuwo saƙon Muktar ya shigo.

"Akwai matsala a shago. Kada ki tsorata."

Duk macen da aka taɓa ce wa kada ta tsorata ta san abin da ya kamata ta yi. Na bar wa Goggo muciya, na zura doguwar rigata mai ruwan toka, na yafa mayafi, na tari keke Napep.

Ga abin da na tarar. Wata mata daga Belel, wadda ta daɗe tana kawo ɗinki shagon, ta kawo atamfa turmi ɗaya da aka sayo mata daga tsallaken iyaka, irin zanen da ya ƙare a kasuwa, za ta sa ranar auren ƙanwarta. Ta haihu a bara, jiki ya ƙaru, saboda haka Lidiya ta sake auna ta, ta gyara awon a kwamfuta. Bayan kwana takwas aka fitar da takarda, aka yanka, aka ɗinka. Matar ta zo gwaji, riga ta tsaya a ƙirji ta ƙi sauka. Da aka duba kwamfuta, sai ga tsohon awon na kafin haihuwa yana zaune daram, kamar ba a taɓa taɓa shi ba. Da aka ƙara bincike, mata goma sha ɗaya da aka auna cikin makonni uku babu ko sunansu.

Matar Belel ta riga ta tafi da kukanta kafin na iso. Kekuna tara duk sun yi shiru. Hajiya tana zaune da rigar a cinya, tabarau a kan hanci, tana farke ɗinkin gefe da reza a hankali. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa rigar.

Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce abin ɗaya ne cikin biyu: ko Lidiya ba ta rubuta ba ta ce ta rubuta, ko akwatina yana cin awon mutane. In na farko ne, shekara goma sha shida ta tashi a banza. In na biyu ne, to ita ba ta san yadda za a damƙa gida a hannun wadda aka damƙa wa lamba uku ta zubar ba. Lidiya tana tsaye jikin teburin yanka, hawaye na zuba, ba ta share ba, ta ce ita dai ta rubuta, Allah ya gani. Na roƙi kwana uku. Hajiya ta ce ai kwanaki ba nata ba ne, in ɗauki ko talatin.

Kafin na isa gida saƙo na biyu ya same ni a hanya.

"Hajiya ta ce a ɗan dakata da maganar Asabar."

Na rubuta masa: "Kai me ka ce?"

"Na ce to."

Bayan minti biyu ya ƙara: "Amma da ƙarfi na faɗa."

Ku da kuke ce mini in gode wa Allah na samu mai biyayya ga iyaye, na gode.

Goggo da ta ji, sai ta zauna a kan kafet ɗin aro ta fara lissafa 'yan matan da muka yi makarantar allo tare, da yawan 'ya'yan kowacce. Ta ce tun farko ta faɗa, surukar kirki ƙosai take kai wa uwar miji, ba inji ba. Ta ce in aka fasa, da wace fuska za ta mayar da kafet. Babana ya ɗago daga littafinsa ya ce a mayar da shi da fuskar da aka aro shi, ita ce dai guda ɗaya.

Ni dai na san Lidiya ba ta yi ƙarya ba, kuma na san manhajata tana ajiye abin da aka ba ta, domin a kwamfutata na gwada sau hamsin, ko inci ɗaya bai ɓace ba. Wannan shi ne ciwon masu irin aikina. Abu yana tafiya lafiya a ɗakinka, ya je gidan mutane ya zubar maka da mutunci.

Bari in ɗan yi muku bayani, ba zan daɗe ba. Duk manhajar da ke cikin kwamfuta 'yar haya ce. Mai gidan ita ce babbar manhaja, wato Windows. Ita ta san wa ya shigo, ƙarfe nawa ya shigo, wane ɗaki ya taɓa, ita ke riƙe da makullai. Kuma tana amsa tambaya in an iya yi mata. Da yawanmu muna fita makaranta muna ganin komai sai mun gina da hannunmu, alhali mai gida na zaune da amsar, jira take a gaishe ta. Don haka ranar Talata na koma shago na ƙara wa manhajar 'yan layuka. Duk sanda aka buɗe ta ko aka rufe ta, ta tambayi mai gida lokaci da lambar da aka ba ta a wannan shigar, ta rubuta a wani fayil a gefe. Na roƙi Lidiya ta ci gaba da aiki yadda ta saba, amma ta riƙa kwafe komai a littafi. Hajiya ba ta ko kalli inda nake ba.

Laraba da hantsi na buɗe fayil ɗin, na zauna ina kallonsa.

Ƙarfe shida da minti goma sha biyu na safe an buɗe manhajar. Bayan daƙiƙa biyu an sake buɗe ta. An kuma, an kuma. Sau huɗu cikin daƙiƙa tara, kowace da lambarta daban, wato kwafi huɗu ne suke aiki a lokaci guda. Ƙarfe bakwai saura kwata aka rufe guda ɗaya. Uku suna nan a raye har lokacin da nake zaune.

Shagon ƙarfe takwas yake buɗewa.

Na ja Lidiya gefe, wajen dutsen guga, na tambaye ta yadda take rufe kwamfutar da yamma. Ta dube ni kamar na tambaye ta yadda ake shan ruwa.

"Abu naka ai sai an rufe shi sau uku. Ka rufe, yana nan. Ka rufe, yana nan. Na uku ne yake tafiya."

"Tun yaushe?"

"Ya kai sati uku. Na ce ko gyara ne ka yi masa."

Da safe fa? Ta ce da safe tana kunna allo take samun shi a buɗe, ta ɗauka haka yake kwana.

Nan komai ya fito mini fili. Kwafin nan suna hawa kan juna daidai-wa-daida, mai kallo zai ga guda ɗaya ne. Kowanne ya ɗauki jerin awon yadda ya same shi da asuba ya riƙe a kansa. Lidiya ta wuni tana zuba sabon awo a na sama. Da yamma ta rufe shi, ya ajiye aikin yini lafiya lau. Ta rufe na ƙasansa, shi kuma da bai san an yi komai ba ya ajiye nasa tsohon jerin a kan sabon. Na uku ya zo ya ƙara dannewa. Haka awon matar Belel ya koma na bara, haka mata goma sha ɗaya suka ɓace. Kuma ni ce na rubuta manhajar da take ajiye komai duk sanda aka rufe ta, ba tare da ta tambayi ko akwai wata 'yar'uwarta a gidan ba. Ban taɓa kawo wa raina wani zai buɗe ta sau huɗu ba, saboda ni sau ɗaya nake buɗewa, a kwamfuta mai sauri, da hannun da ya saba.

Saura tambaya ɗaya, wadda na riga na san amsarta kuma na so a ce ban sani ba. Makullin waje yana hannun Lidiya, ita kuma sai bakwai da rabi take barin gida. Ƙofar ciki kuwa mutum ɗaya ke bi ta nan.

Gyaran bai ɗauke ni awa biyu ba. Da farko na yi tunanin in sa manhajar ta ajiye ɗan fayil na alama in ta buɗe, ta goge shi in ta rufe, duk kwafin da ya ga alamar ya koma. Sai na tuna a Mubi muke. Ranar da batirin sola ya mutu ana tsakiyar aiki, alamar za ta zauna a wurin, washegari manhaja ta ƙi buɗewa ga kowa, a ce akwatin Na'imatu ya ƙara sabon salo. Sai na koma wajen mai gida. Akwai wani aiki nata da ake kira CreateMutex, kamar ka ce a ba ka makulli mai suna. Wanda ya fara zuwa shi ke karɓa. Na biyu in ya tambaya, a ce masa an riga shi. In wuta ta ɗauke ko manhaja ta faɗi, makullin ya koma hannun mai gida da kansa, ba wanda zai kwana a waje. Na kuma sa na biyun, kafin ya fita, ya roƙi mai gida ta nemo na farkon ta turo shi gaban allo, don mai dannawa ya ga abu ya motsa. Na ƙara ɗan rubutu da ke fitowa nan take da an danna, kafin sauran ya gama tashi: "Na ji, ina zuwa."

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar, yadda zan wanke Lidiya in wanke kaina ba tare da na tsaya gaban kekuna tara na ce wa uwar mijin da zan aura ita ce take shiga shago a ɓoye tana wasa da akwatin da ta ce ba ruwanta da shi. In na faɗa, na ci gaskiya na rasa Asabar. In na yi shiru na sa gyaran a ɓoye, matsala ta ƙare, amma Lidiya za ta zauna da tabon maƙaryaciya.

Na tambayi Muktar ƙarfe nawa Hajiya ke tashi. Ya ce tun kiran farko. Na ce bayan salla me take yi. Ya ce lazimi, a shago, ta ce can ya fi shiru, kuma ba a damunta. Ya tambayi dalili. Na ce ina son in koyi halin surukai. Ya turo mini hoton zuciya guda uku.

Alhamis ina idar da sallar asuba na sa atamfata mai ganye-ganye, wadda ba Hajiya ta ɗinka ba kuma na san za ta gane, na ɗauki jakar kwamfuta. Goggo ta tare ƙofa da buta a hannu. Da ta ji inda za ni, ta ce a tarihin zuriyarmu ba a taɓa yin budurwar da ta yi sammakon gidan saurayi ba, sai dai in aljanu ne suka kai ta. Babana daga kan darduma ya ce a bar ta, in an fasa an huta, in ba a fasa ba an ga abin da ake nema. Goggo ta matsa, tana cewa ita dai ba ta gan ni ba.

Gari ya fara haske na isa. Tagar shagon a rufe take, amma akwai hasken allo ta ƙasan labule. Na yi sallama a hankali. Sai na ji an zare sakata.

Hajiya ce da hijabin salla har ƙasa, carbi a wuyan hannu, tabarau a hanci. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta dubi ɗinkin wuyan rigata ta ɗan taɓe baki. Ba ta tambayi me ya kawo ni ba. Ta koma ta zauna a kujerar Lidiya, ta juya wa allon baya kamar tare suka shigo bisa tsautsayi.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce na gano matsalar, kuma laifina ne. Na ce na bar ƙofa a buɗe wadda ya kamata in rufe tun ranar farko, duk wanda ya danna fiye da sau ɗaya sai abin ya ninku, kuma kwamfutar tsohuwa ce, tana jinkiri, kowa zai iya sake dannawa. Na ce Lidiya ta rubuta duk abin da ta ce ta rubuta.

Hajiya ta ja carbi biyu.

"Kowa," ta ce.

"Kowa, Hajiya."

"To kowan nan, in ya taka keke bai kama ba, ya zai yi? Ya naɗe hannu ya jira? Ai takawa ake yi har sai ya kama. Shekara talatin haka nake tada inji."

Na ce gaskiya ne, wannan injin ne ba shi da tarbiyya, yana ji ya yi kamar bai ji ba.

Ta ce ta lura. Ta ce kuma in ta ce ya tafi ba ya tafiya, sai ta kashe masa fitila ta bar shi. Daga nan, tana kallon bango, ta ba ni labarin a gutsuttsure. Tun da aka kawo akwatin mata suka daina tsayawa wajenta, kai tsaye suke wucewa wajen Lidiya. Ita da ta san ƙugun rabin matan garin nan da ka, yanzu sai ta tambayi yarinya a fitar mata da takarda a shagonta. Ba za ta zauna gaban waɗanda ta koya wa zura zare a allura tana laluben haruffa da yatsa ɗaya suna ƙunshe dariya ba. Sai ta riƙa leƙen hannun Lidiya daga bayan kekenta, in gari ya waye ta zo ta gwada ita kaɗai. Makonni uku, ta iya nemo suna, ta iya karanta lamba. Ba ta taɓa canza ko ɗigo ba, shi ya sa ko a mafarki ba ta kawo ita ce ba.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa."

"Wancan yaron fa?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Shi ya san lazimi kike yi."

"Ina yi," ta ce da sauri. "Da hannun hagu."

Na roƙi izini in sa gyaran. Ta matsa da kujera, sai a lokacin na ga abin da ke kan allo. Sunana ne. Na'imatu Lamorde, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon riga. Na manta shaf da shi. Ranar da nake gwada manhajar a ɗakina na buƙaci suna na farko, na sa nawa, na cike awon da ka. Kuma, masu karatu, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba: a wajen ƙugu na rubuta ashirin da takwas. Rabona da ashirin da takwas tun ina aji uku na sakandare.

A ƙarshen teburin yanka kuwa, an lulluɓe da tsohon zani amma gefe ya leƙo, leshi ne ruwan zuma mai ƙananan duwatsu, an riga an yanka, an kafe da allurai.

Wato matar da ta ce a dakata da Asabar ta yi mako uku tana sammako tana yanka mini kaya. Kuma ta yanka leshin da ya fi atamfar Belel daraja a kan ƙaryar da na yi wa kwamfuta.

"Hajiya, awon nan…"

"Na gani." Ta cire tabarau ta goge da gefen hijabi. "Ranar da kika fara shigowa shagon nan na auna ki tun daga bakin ƙofa. Talatin da huɗu, in kin ci abinci da rabi. Na zo ne in ga ko akwatin ya san abin da na sani, na tarar shi ma an yi masa abin da ake yi mini. Kowace mace inci biyu take ragewa. Ke shida kika cire, ko tsoron Allah babu."

Na sunkuyar da kai. Dariya na cina, kunya na cina, na rasa wadda zan fara yi.

Na sa gyaran, na rufe kwafin da ke ɓoye ta hanyar mai gida don kada su ajiye komai, na ce ta gwada. Ta yi bismilla, ta kama maus ɗin kamar za ta yanke shi, ta danna sau biyar a jere. Rubutun ya fito: "Na ji, ina zuwa." Ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi. Manhaja ta buɗe, guda ɗaya tak. Ta rufe, manhajar ta tafi. Ta sake yi har sau uku don ta kama ta da ƙarya, ba ta samu ba.

"Yanzu ya yi hankali," ta ce.

Na ce matan nan goma sha ɗaya sai an kira su an sake awo, wannan ba abin da zai dawo da shi. Ta ce ita za ta kira su da bakinta. Matar Belel kuma ta samo mata dabara, za ta tsaga gefe ta shigar da wani yadi mai duhu, ta yi masa aiki har a ɗauka da gangan ne. Na ce saura Lidiya. Ta ce Lidiya tata ce, ta san yadda za ta yi da ita, ba sai 'yar jiya ta koya mata ba. Ta ce in an buɗe shago in tsaya in faɗa wa kowa cewa laifin akwatina ne, tunda nawa ne. Na ce nawa ne. Ta ce abin da ya rage kuma ya rage tsakanin ƙugu talatin da huɗu da mai lazimi.

Ta miƙe ta leƙa tsakar gida ta ƙofar ciki, ta dawo.

"Ki gaya wa goggonki kada ta mayar da kafet ɗin mutane. Har nan labarinsa ya zo. Asabar bayan la'asar suna tafe."

Na ce na gode. Na fara naɗe waya ina sa wa a jaka, zuciyata har ta isa Lamorde. Sai ta ƙara magana, tana gyara lulluɓin leshin.

"Akwai sauran abin da ban iya ba. Sa sabon suna, da fitar da takarda. Kullum bayan asuba za mu riƙa zama, ni da ke, kafin yara su zo. Ba zan sa ki sammako daga wata unguwa ba, ba kyau ga amarya. Ɗakin da ke bayan shagon nan na sa a gyara, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu."

Masu karatu, wata huɗu ke nan Muktar ya kai ni ya nuna mini gidan haya, ciki da falo, layi biyu daga gidan babana, har na auna tagogi na zaɓi labule. Na ce "to, Hajiya," domin ashe haka kalmar take fita da kanta in mutum yana gabanta.

Ina shiga keke na rubuta masa: "Asabar tana nan. Amma mahaifiyarka ta ce ɗakin bayan shago za mu zauna. Ka kira ni yanzu."

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Har muka haye gada bai gama ba. Sannan ya shigo.

"Alhamdu lillahi. Ta nuna miki ɗakin? Fentin shuɗi ne, ni na zaɓa tun wancan watan."